Gyaren da ke Cikin Akwatin Wuta

Zuwa ga Yaya Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka da ƙafafunka biyu a ƙasa, ba a saman ƙarfen sabis ba. Mama tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana wasa da cin abinci. Na biya wajen Goggo, lafiyarta lau. Ƙorafinta ɗaya ne, wai ta haifi ɗa mai kafa wa mutane sabis amma shi ba a samunsa a waya. Na ce mata sai kun gama kafawa sabis ɗin zai zo, ta ce to ka yi sauri.

Jikin Baba da sauƙi, irin sauƙin da muke faɗa wa 'yan dubiya. Kai ba zan ɓoye maka ba. Likita ya ce dole a yi tiyatar maƙogwaron, kuma abin da za a cire har da wurin da murya take fitowa. Rai zai tsira in Allah ya yarda, magana ce ba za ta dawo ba. An sa ƙarshen wata mai zuwa. Ka san kawunka, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas yana ba fasinja labari har su wuce inda za su sauka. Da aka gaya masa, cewa kawai ya yi Mama za ta huta.

Shi ya sa na haɗa kwamfutar nan da muka daɗe muna magana a kanta. Ina so in ɗauki muryarsa tsaf, da makirufo mai kyau, ba a wayata da take mayar da muryar mutum kamar yana cikin gwangwani ba. Ni kaɗai na haɗa ta, a kan teburin da nake duba takardun jarrabawar ɗalibaina. Ta kuma tashi daga kunnawar farko, saboda haka ka mayar da dariyar da ka tanada.

Sai dai tana kuka, kuka iri biyu. Na farko ƙas-ƙas ne, yana zuwa yana ɗaukewa. Na biyu siriri ne, tsiii, kamar gyare ya ɓuya a bayan kabad. Duk daga ƙasa suke fitowa, wajen akwatin wutar nan da kuke ce wa fawa saflai. Na gwada ɗaukar muryata, da na saurara sai ga gyaren zaune a bayan kowace kalma. Na kira Baba ya ji. Ya karkata kai, ya kasa kunne, ya ce shi bai ji komai ba, in kawo makirufon mu fara. Na san don ya kwantar min da hankali ya faɗa. Ba zan ɗauki muryarsa ta ƙarshe da wannan ƙara ba, Yaya.

Ka gaya min abin yi. Direbanku mai kai muku kayan abinci ya ce zai dawo da amsa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina ƙasa lokacin da takardarki ta zo, amma da na karanta maganar Kawu sai da na nemi dutse na zauna. Ki gaishe shi, ki gaida Mama. Ki ce wa tsohuwata ina cin abinci har da ƙari. Kada ki gaya mata wanda yake dafawa, makanikin janaretonmu ne.

Na yi shekarun makarantata a gidanku, Kawu bai taɓa bambanta ni da ku ba. Har yau in ina saman ƙarfe iska tana kaɗawa, wani lokaci sai in ji kamar shi ne a tsakar gida yana cewa, "Dogo, sauko ka ci abinci," kamar sanda nake hawa rufi gyaran eriya. Da ɗan fiton nan da giɓinsa yake yi in ya ce sauko. Kin yi tunani mai kyau, Allah ya yi miki albarka.

To, malama, yau ke ce ɗaliba. Kafin komai, kada ki buɗe akwatin wutar nan. Ko an cire shi daga soket yana riƙe da wutar da za ta iya kayar da babban mutum, kuma in kin yaga sitikar da ke kan kusarsa, shagon ba za su karɓe shi ba. Na san hannunki da son kwance abu.

Ki nannaɗe takarda ta zama bututu, ki sa baki ɗaya a kunnenki, ɗayan ki riƙa kai shi kusa da sassan kwamfutar tana kunne. Kusa kawai, ban da taɓawa. Haka za ki gane ko da gaske akwatin ne yake kuka, don katin hoto ma, wato sashen da ke aika hoto zuwa allo, yakan yi irin wannan kukan a ɗora wa maƙwabcinsa.

Ƙas-ƙas ɗin nan ina zargin waya ce ko jelar abin ɗaure waya ta leƙa cikin ragar fanka. Ki kashe, ki cire daga bango, ki haska da tocila ki gani. Ki kuma ɗauke kwamfutar daga kan kafet in a kai take, fankar tana shaƙar iska ne ta ƙasa.

Shi kuwa gyarenki, akwai wasu ƙananan naɗin waya a cikin akwatin da suke rawa in wuta tana bi ta cikinsu. Rawar ce kike ji. Ki lura ko kukan yana canzawa in kin ba kwamfutar aiki mai nauyi. In haka ne, abin haushi ne amma ba ciwo ba ne. In kuwa kin ji ƙauri, ko ƙarar tartsatsi kamar ana soya abu, ko ta riƙa mutuwa da kanta, kada ki sake kunna ta, ki cire akwatin ki mayar shago.

Za mu matsa can bayan tsauni kafa wani ƙarfen, ban san yadda zuwan direba zai kasance ba. Ki rubuto duk da haka.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya Dogo,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mutanen gida lafiya. Baba ya fara shan abu mai ruwa-ruwa kawai, haɗiya tana ba shi wahala, amma bakin nan bai mutu ba. Jiya ya tsare mai gyaran famfo da labarin wata tayar da ta fashe masa a kan gada, har mutumin ya manta da abin da ya kawo shi.

Na yi abin bututun. Mama ta shigo ta same ni durƙushe da takarda a kunne, ta tsaya ta kalle ni, ta juya ta fita. Akwatin ne, ba katin hoto ba. Ƙas-ƙas ɗin kuma ka canka, jelar abin ɗaure waya ce da na bari ban yanke ba. Na yanke ta, ya yi shiru. Kada kanka ya kumbura.

Gyaren ne ya ƙi tafiya. Na ɗauke ta daga kafet, na canza soket, na raba ta da layin firij, na kai makirufon ƙarshen ɗaki. Ya ragu amma yana nan. Da na ga haka sai na bi maganarka ta ƙarshe, na cire akwatin na mayar shago kamar yadda ka ce. Mai shagon ya ce sai sun aika wa kamfani sun gwada kafin a ba ni wani. Na tambaye shi yaushe, ya ce in riƙa leƙowa.

Yanzu kwamfutar tana kan tebur cikinta a buɗe, wayoyi a zube. Baba yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, yau ma ba a buɗe gidan rediyon ba?" Sai in ce saura kaɗan. Akwai lokaci, tunda sai ƙarshen wata.

Auta

*

Yaya,

Direba ya zo sau biyu ba takardarka. Ya ce hanyar wajenku ta lalace, a sansanin ƙasa yake sauke kaya ya juyo. Ina rubutawa ne ko Allah zai sa ta isa.

An matso da tiyatar. Likitan ya sake dubawa ya ce abin yana girma da sauri, ba zai jira ƙarshen wata ba. Mako mai zuwa ne. Muryar Baba ta fara dushewa, da rana ta ɗaga sai ta koma kamar ta mai mura.

Na koma shagon har mai shagon ya fara shigewa ciki in ya hango ni. Akwatin ma ba su aika ba, yana nan kan kanta da sunana a jiki. Jiya na ɗaga masa murya a gaban mutane, ni da nake hana yara hayaniya. Da na fito sai na rasa wanda nake jin haushi, shi ko kai. Kai ka ce in mayar, ka kuma shige bayan tsauni ka yi shiru.

Ban ɗauki komai ba, Yaya. Ko kalma ɗaya. Tsoro nake ji.

Auta

*

Auta,

Takardunki biyu tare suka iso hannuna yau da safe, a cikin buhun albasa. Na karanta ta biyun kafin ta farkon, sai da na koma na gane abin da ya faru. Direba yana jira na a mota, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Ina lafiya. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa a yi a sa'a.

Ki ɗauko takardata ki sake karantawa. Cewa na yi ki mayar in kin ji ƙauri ko tartsatsi, ko in tana mutuwa. Kin ji ƙauri? Ba ki ce ba. Ta mutu? Ba ki ce ba. Abin da kike da shi na gaya miki ba ciwo ba ne. Ke da kike kama yaro in ya tsallake rabin tambaya, ba na jin idonki ne ya tsallake wannan layin.

Zan faɗa miki abin da nake gani, in kin so ki yi fushi, in na dawo ma shirya. Ranar da kika ajiye makirufo a gaban Kawu kika ce ya fara, ranar kin yarda cewa muryar tafiya za ta yi. Muddin akwai gyaren da za a kora, ranar ba ta zo ba. Ban ga laifinki ba. Ni ma da na karanta takardarki ta farko, shafi guda na cika da maganar fanka da waya, don ta fi min sauƙin rubutawa. Da na ce miki tun a lokacin ki fara ɗauka ko da me.

Kuma Kawu ba lallashinki yake yi ba da ya ce bai ji komai ba. Siririn sauti irin wannan shi ne farkon abin da kunne yake saki in shekaru sun ja, balle mutumin da ya yi rayuwarsa a kan injin bas. Gaskiya ya gaya miki. A wajensa ɗakin shiru yake, yana zaune yana jiran 'yarsa ta gama faɗa da abin da shi ba ya ji.

Ki je shagon yau ki karɓo akwatinki tunda ba su aika ba. Ki mayar da shi yadda kika ciro shi, ki tabbatar kowace waya ta shiga har ta yi ƙas. Ki sa kwamfutar a ƙarƙashin tebur, makirufon kusa da bakinsa, kamar tazarar tafin hannu. In murya tana kusa, ita za ta danne ƙarar. Abin da ya rage akwai manhajar da take tace shi daga baya, wannan aikin zai jira. In shagon sun yi miki gardama, ki ɗauka da wayar gwangwanin taki. Ki fara da safe, lokacin da muryar take da ƙarfi.

Na nemi izinin tafiya, shugaban aikinmu ya ce sai an ɗaure ƙarfen nan, ba mai hawa sai ni. Ban san ko zan iso kafin ranar ba. Ki ce wa Kawu ina nan ina jin sa.

Dogo

*

Yaya Dogo,

Assalamu alaikum. An yi tiyata, an kuma yi nasara. Baba yana gida, yana zama, yana ɗan takawa zuwa tsakar gida. Likita ya ce sun cire abin duka. Mama ta rame amma ta fara barci. Goggo kusan kullum tana nan, ita take yi masa surutu yanzu, yana amsa mata da gira.

Na yi fushi da takardarka kamar yadda ka ce. Na ninke ta na tura ƙarƙashin littattafai, na yi wanke-wanken da ba nawa ba. Sannan na sa mayafi na tafi shago. Mai shagon har da rakiya, don murnar rabuwa da ni.

Safiya uku muka samu. Na zaunar da shi a kujerarsa ta bakin taga, na sa makirufon yadda ka ce. Na danna maɓallin ɗauka. Shi ya fara. Ya ce, "To, jama'a, ga direba. Auta ta ce akwai gyare a cikin na'urar nan. Ni dai ban ji shi ba, amma in kun ji shi ku yi haƙuri da shi, fasinja ne." Daga nan bai tsaya ba sai da muryar ta gaji. Ya ba da labarin gadar, da yadda ya fara ganin Mama a tasha tana faɗa da kwandastansa a kan an taka mata kaya. Ya kira sunayen iyayensa da na kakanninsa don jikoki. Ya yi wa kowannenmu addu'a. Rana ta biyu Mama ta shigo kawo shayi, ya ja ta da tsokana har ta zauna, aka ɗauki musunsu a kan wanda ya fara yi wa wani magana. Rana ta uku muryar ta kusa ƙarewa, sai ka matso za ka ji. Da na bi ta tawa, ko wannan ba za mu samu ba. Ina tuna kwanakin da kwamfutar ta yi a buɗe a kan tebur, lokacin muryar tana da sauran ƙarfi, sai in ji nauyinsu a kaina. Wannan ba wanda zai tace min shi.

Bayan an sallamo mu daga asibiti na zauna da manhajar tace sauti. Na nuna mata gyaren, na ce ta cire. Ta cire shi tas. Na saurara, ɗaki shiru, murya fes, amma sai na ji kamar wani ne yake kwaikwayon Baba. Na maimaita ban gane ba, sai da ya zo kan "sannu". Fiton giɓinsa ya tafi. Ashe sirantar fiton da ta gyaren kusan ɗaya ce, in ta kori wannan sai ta haɗa da wancan. Na rage ƙarfin tacewar, fiton ya dawo rabi, gyaren ma ya dawo rabi. Na yi ta ja da baya har na koma inda na fara.

Ka san aikin nan fiye da ni, wataƙila kana da dabarar raba su. Amma ni na bar shi yadda yake. Na kunna wa Baba, ya saurari kansa yana murmushi. Ya nuna kwamfutar, ya nuna kunnena, yana tambaya ko fasinjan yana nan. Na ce yana nan. Ya ɗaga kafaɗa.

Wani abin kuma, kunnena ne ya canza ko me, yanzu in na kunna kwamfutar ina aikin makaranta, kukan ba ya damuna. Gidan ya yi shiru da yawa, Yaya. Ba ka san yawan wurin da muryar mutum ɗaya take cikawa ba sai ta tafi.

Ga filash a cikin ambulan, na naɗe shi da tsumma don kada albasa ta shiga. A ciki akwai sautin da na rubuta sunanka a kai. Na rana ta uku ne, shi ya ce in ware maka. Gajere ne.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da aka yi lafiya. Ki gaida Mama da ƙoƙari, ki gaida tsohuwata, ki ce ta riƙa barin Kawu yana hutawa.

Na saurara a cikin motar aiki, na rufe gilasai saboda janareto. Na ji gyarenki sarai. Naɗin wayar nan ne, ba abin tsoro, zai iya shekaru yana yi ba abin da zai samu kwamfutar. Akwai dabarar raba su, sai dai aiki ne na bin kalma ɗaya-ɗaya, kuma duk yadda aka yi sai an ɗan taɓa muryar. Kada ki bari kowa ya taɓa ta, har ni. Ki dai kwafe ta wuri biyu ko uku, ki ajiye ɗaya a gidan tsohuwata.

Kwanakin da kike jin nauyinsu, ba ke kaɗai za ki ɗauka ba, da hannuna a ciki. Amma ki saurari safiya ukun nan da kyau. Ban ji muryar mutumin da yake ganin an makara ba.

Na bar nawa sai ƙarshe. Na ɗauka nasiha ce zai yi min, ko maganar aure da ya saba. Kin san abin da ke ciki tunda ke kika ɗauka. Numfashi, da gyaren, sannan muryar nan da ta kusa ƙarewa: "Dogo, sauko ka ci abinci." Fiton yana nan daram. Makanikinmu ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ga fuskata, ya juya ya tafi.

Mun ɗaure ƙarfen jiya. Sabis zai kama nan da 'yan kwanaki, mutanen ƙauyen har sun fara sayen waya. Shugabanmu ya ce in tsaya in zama na farkon da zai kira gida daga nan. Na ce masa wanda nake so in kira ba ta waya za mu gaisa ba.

Wannan takardar da ni za mu shigo mota ɗaya. In direba ya miƙo miki ita, ki leƙa waje, ina sauke jaka. Ki ce wa Kawu na sauko.

Yayanki,
Dogo